Shekarar da Gwaggo Ta Ba Dawa Romo

Bana tsutsa ta shiga masara tun ba ta kai gwiwa ba. Ranar Larabar da ta wuce na bi babban ɗana Lawali zuwa gonarmu ta hanyar Bakura, shi yana gaba da famfon feshi goye a baya, ni ina biye ina jan ƙafa. Na tsaya na buɗe tsakiyar wata masara, inda sabon ganye ke naɗe kamar mazurari, sai ga kashin tsutsa jiƙe kamar dusa, ita kuma tana can ƙasa kwance ta yi ɓulɓul. Warin ɗanyen ganyen da aka tauna ya bugi hancina. Ban san lokacin da na tsuguna ina duban ƙasa ba. Lawali ya waiwayo ya ce, "Baba, wani abu ya faɗi ne?" Na ce masa a'a, ramin kiyashi nake nema. Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Na bi kunya uku ban ga rami ko ɗaya ba, sai na koma inuwar tsamiya na zauna, hankalina ya tafi wata damina ta kusan shekara arba'in da suka wuce.

Ni ba a gidan noma aka haife ni ba. Mu rundawa ne, wato mahauta, a Talata Mafara, kaka da kakanni. Na iya fiɗa tun ban iya wankin rigata ba, amma hauya ban taɓa riƙe ta da niyyar aiki ba sai da na kai shekara ashirin da biyar. Abin da ya sa na riƙe ta shi ne ciwon bushiya da ya faɗa wa shanu, ya bi ruga-ruga yana kashewa, sannan fari ya biyo bayansa. Kasuwar shanu ta zama fili. Rumfarmu da ake yanka sa biyu ranar Talata ta koma sai an haɗa kai ake yanka akuya guda. Mahaifina ya riga ya rasu, ga ni da matata Hajo da jaririya 'yar wata uku, abinci kuwa sai wanda Allah ya kawo.

Ana cikin haka yayar mahaifina, Gwaggo Kulu, ta aiko daga Damri. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aure a nesa, ita kaɗai ke noma gonar da ya bari. Saƙon gajere ne: in ɗauko iyalina in zo, gona na da faɗi, ita kuma bayanta ya fara gajiya. Gwaggo 'yar ƙaramar mace ce, baƙa, mai kaifin ido, ba ta da yawan magana. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce Babana.

Mun sauka Damri a tsakiyar bazara. Zafin shekarar nan ba na manta shi. Ƙasa na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, ruwan randa kan yi ɗumi kafin azahar, kaji na kwance baki buɗe a gindin rumbu, rumbun kuwa babu komai cikinsa sai gizo-gizo. Na ɗauka aikin farko sharar gona ne. Sai Gwaggo ta nuna mini darnin da ya kewaye gidanta, na karan dawar bara, ta ce in kwance shi duka.

Na ce, "Gwaggo, darnin ai da sauran ƙarfinsa."

Ta zaro kara guda, ta karɓi wuƙata ta tsaga shi biyu. Can cikin ɓargon karan ga wata tsutsa fara, ta yamutse, ba ta ko motsi.

Ta ce, "Ka gan ta? Tun bara take nan kwance, ƙamshin ruwa take jira. Da ruwa ya sauka sai ta rikiɗe ta zama faɗa-wuta, ta tashi ta je ta yi ƙwai ga sabuwar dawa. Mu munka gina mata ɗaki, mu munka yi mata gadi. To, bana ba ni yi."

Kwana uku muna wannan aiki. Muka shimfiɗa karan a fili, muka bi shi da wutar ciyawa sama-sama, kamar yadda nake babbaka kan akuya, ganyen ya ƙone, karan ya yi baƙi amma bai ci ba. Muka sake kafa darnin da shi. Maƙwabta suna wucewa suna leƙe, wasu su ce sannu da aiki, wasu su yi murmushi kawai.

Ruwan farko ya zo da la'asar, da iska da jan ƙura a gabansa. Muka tsaya ƙofar ɗaki muna shaƙar ƙamshin ƙasa. Da magariba shinge ya fito daga suri, muka tara shi a ƙwarya, Hajo ta soya da ɗan gishiri, ranar muka kwanta da maiƙo a baki. Washegari Gwaggo ta fasa yumɓun da ta liƙe bakin wani tulu da shi, ta zazzage irin dawa da ta binne cikin toka tun kaka. Duk yunwar da aka sha ba ta taɓa shi ba. Ko ƙwaya ɗaya ƙwaro bai huda ba. Ni ina sara da sungumi, ita tana zuba iri tana rufewa da diddige. Gero muka shuka a tudu, dawa a gangare.

Daga nan sai jira da noma, da yunwa. Da safe kunun kanwa ne tsararo, wanda kake iya ganin ƙasan ƙwarya ta cikinsa. Da rana kwaɗon tafasa ko rama da ɗan ƙuli-ƙuli, in an samu. Da dare tuwon dusa. Hannuwana da suka saba da wuƙa suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta. Ranar Talata nakan hau keke in tafi Mafara in taya wani abokin mahaifina fiɗa, shi kuma ya sallame ni da kai da ƙafa, da ƙasusuwa, wani lokaci da ɗan guntun kitse. Wannan ne naman gidanmu na mako.

A noman fari na fara gane cewa Gwaggo ba kamar kowa take shiga gona ba. Ba ta fara aiki sai ta zagaya, tana duƙawa, tana juya ganye, tana bin ƙasa da ido. In na kai hauya kusa da ramin kiyashi ko na cinnaka sai ta ce in kauce, in bar musu ƙofarsu. Ciyawar kan iyaka ma ta hana ni nomewa. Wata rana rina ta harbe ni a wuya, kusa da wata sabara da ke gefen gona, na ga gidansu rataye a reshe. Na tafi neman ciyawa busasshiya in cinna musu wuta. Gwaggo ta riƙe mini hannu.

"Zamna nan, Babana. Yi shiru ka duba."

Muka zauna, wuyana na zogi. Ba a jima ba wata rina ta sauka kan ganyen wake, ta cafke wata koriyar tsutsa. Ina kallo ta farke ta, ta yar da abin cikin, ta dunƙule tsokar kamar ƙwallo, ta ɗauka ta tashi zuwa gida. Wallahi aikin ya yi tsabta, ko ni ba zan fi haka ba.

Gwaggo ta ce, "Ɗan'uwanka na, barunje na. Shi ma ɗiya garai da shika ciyarwa. In ka ƙone shi, wa ka yi ma wanga aiki?"

Ban ƙone gidan ba, sai dai na koma zagaye sabarar daga nesa.

Dawa na kai gwiwa tsutsa ta bayyana. Karanmu mun babbake, amma na sauran gari yana nan, faɗa-wuta kuwa ba ta san iyaka ba. Da farko ƙananan huji ne a jere jikin ganye, kamar an bi da allura. Bayan kwana biyu ka buɗe tsakiyar dawa ka ga garin kashi, da 'yan tsutsotsi kamar zare. Gwaggo ta ce kwanaki kaɗan gare mu. Muddin suna cikin mazurarin ganye ana iya kai musu, amma in suka huda kara suka shige, zuciyar dawar ta bushe ke nan, babu mai fito da su. Ga shi ba mu da sauran iri ko tafi guda. In wannan dawa ta mutu, mun mutu da ita.

Maƙwabcinmu na gona, Alhaji Bawa, mutum mai hali da shanun huɗa, ya samo magani daga birni, da famfo mai hannu. A lokacin magani ba kowa ke ganinsa ba, ba kamar yau da kowace kwana a Mafara akwai shagon da kwalabe ke jere har rufi. Na tsaya kan iyaka ina kallon feshinsa, warin na shiga har maƙogwaro, raina na cewa ina ma ni ne.

Talatar makon na dawo da kan akuya da ƙafafu da ƙasusuwa, da kitse kamar rabin tafin hannu. Gwaggo ta karɓa ta ɗora tukunya. Romon farko ta juye wa Hajo, saboda ita ke shayarwa, nononta kuma ya fara ja baya, jaririyar na yini tana kuka. Ta ƙara ruwa ta sake dafawa, wannan muka sha mu duka. Sannan ta farfasa ƙasusuwan da taɓarya, ta mayar tukunya, ta cika ta da ruwa, ta ɗauko kitsen nan za ta jefa.

Na ce, "Gwaggo, wannan kuma na wa?"

Ta ce, "Na gona."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ce kiyashi da cinnaka maiƙo suke bi, in aka ɗiga romo a tsakiyar dawa za su hau nemansa, in sun hau kuwa za su iske abin da ya fi romo.

Raina ya ɓaci. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, amma ranar na ce, "Haba Gwaggo! Yarinya na kuka, uwarta ba nono, mu ɗauki kitse mu ba ƙwari? Wane irin abu ne wannan?"

Gwaggo ta tsaya da kitsen a hannu, ba ta jefa ba, ba ta ajiye ba. Ta dubi Hajo. Hajo na zaune bakin ɗaki da yarinya a cinya, idanunta sun zurma, wuyanta ya yi tsawo. Mace ce mai kunya, ba ta cika sa baki in muna magana ba. Sai ta ce, a hankali, "Maigida, bar ta ta sa. Kitsen ga yini guda zai yi mani. In dawa ta mutu, mi za ni ba ta baɗi?"

Gwaggo ta jefa kitsen. Ni kuwa na fita waje don kada su ga fuskata.

Da asuba, bayan salla, muka ɗauki tulun romon da ya huce muka nufi gona. Raɓa ta jiƙa mana ƙafafu. Kowa da 'yar tsintsiyarsa, a tsoma, a ɗiga biyu ko uku a tsakiyar dawa, a ja ɗigo ɗaya a jikin kara har ƙasa, don a nuna musu hanya. Can kusurwar gabas inda babu ramuka, Gwaggo ba ta ɓata romo ba, yashi da toka ta haɗa muka riƙa zubawa da yatsu uku. Ta ce kada in kuskura in kai toka inda muka sa romo, kiyashi ba ya taka toka. Cikina na kuka, hannuna na ƙamshin nama, ina zuba wa ganye. Masu wucewa suka gani, kafin azahar labari ya gama Damri. Alhaji Bawa ya leƙo ta kan iyaka ya ce, "Barunje, in kun gama ba ta romo, sai ku kawo mata tuwo!" Har aka sa wa gonar suna, gonar romo.

Da hantsi Gwaggo ta kira ni da hannu. Na je na tsuguna kusa da ita. Kiyashi ne ja, layi guda, daga rami har saman kara, suna shiga cikin mazurarin. Na ɗan buɗa ganyen. Sun gama da romon, sun taru kan wata tsutsa, tana murɗawa tana bugun kai, su kuwa wasu sun kama gaba wasu sun kama baya. Suka jawo ta waje, suka gangaro da ita jikin kara, suka shige rami. A dawa ta gaba cinnaka ne, su ba sa jiran taro, guda ɗaya kan ɗauki ƙaramar tsutsa ya wuce. Muka yi ta bi kunya-kunya, rana na dukanmu, na manta da yunwa. Ban taɓa sanin akwai wannan runduna a ƙarƙashin ƙafata ba.

Na ce, "Gwaggo, wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Ba kowa. Wata shekara na ci nama bakin gona, na yar da ƙashi gindin dawa. Da na dawo na ga abin da sunka yi, sai na riƙe."

Talata uku muna haka. Duk abin da na kawo, dahuwa ta uku ta gona ce, kuma ban sake cewa uffan ba. A tsakanin nan ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu. Ganyen dawa ya naɗe kamar tabarma, sama ta yi fari fat, aka fita bayan gari roƙon ruwa, manya da yara. Ranar da ya dawo ya kwana ya yini yana zuba, kwaɗi suka cika gangaren gonarmu da kuka, mazari na shawagi bisa dawa.

Ba zan ce ba mu yi hasara ba. Kusurwar gabas tsutsa ta riga mu shiga kara, dawa da yawa zuciyarta ta bushe, muka bi muna sarewa muna kai wa awaki. Amma sauran gonar ta miƙe, ta yi duhu, ta wuce kaina.

Gonar Alhaji Bawa da farko ta fi tamu kyau nesa ba kusa ba. Maganin ya kashe tsutsar sarai. Sai dai bayan mako uku wata sabuwa ta ƙyanƙyashe, ta iske gona ba mai tsaro, ga ƙwarin darɓa kuma sun biyo baya, ganye ya yi baƙi yana danƙo. Maganinsa ya ƙare, ba a samu wani ba. Wata la'asar sai ga shi ƙofar gidanmu, ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Salamu alaikum. Inna, ina wuni?"

"Lahiya lau, Alhaji. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ina mutanen gida?"

"Suna lahiya, sun gaishe ki. Yaya ƙarfin jiki?"

Sai da suka gama duk wannan, ya murza hularsa, sannan ya ce ko za ta taimaka ta duba masa gona. Na zaci za ta tuna masa maganar tuwo. Ko alama ba ta yi ba. Ta ɗauki mayafi muka tafi. Ta zagaya yadda ta saba, tana duƙawa, tana juya ganye. Ta daɗe tana duban ƙasa.

Ta ce, "Alhaji, maganinka na da kyau, ya yi aikinai. Sai dai bai san kowa ba, da ɓarawo da mai gadi duk ɗaya na gare shi. Yanzu ko na ba ka romo ba mai zuwa sha."

Ta nuna masa dawar da zai sare, ta ce ya bar ciyawar kan iyakarmu, daga can masu gadin za su dawo masa a hankali, da kaka kuma ya babbake karansa. Ya yi yadda ta ce, ya tsira da abin da ya tsira da shi. Da bazara ta zagayo, rabin Damri na babbakar kara.

Yau gonarmu ta ninka ta Gwaggo sau da yawa, kuma tsutsar masarar nan ta zamani ta fi waccan ci. Tukunyar romo guda ba ta isa ko'ina, shi ya sa ba na hana Lawali feshinsa. Abinci ma ya fi yawa yanzu, jikokina ba su san ɗanɗanon tuwon dusa ba, kuma ba na fatan su sani. Gonar dai ta yi tsit, ba kamar waccan ba da in ka tsaya cikinta da hantsi kake jin ta tana ƙugi.

A waccan daminar, gero ya fara nuna, muka ci tumu, Hajo ta murmure, kumatun yarinya suka fito. Dawa muka girbe da sanyin kaka. Rumbu bai cika ba, amma ya wuce rabi da kyau, Gwaggo kuma ta zaɓi manyan zangarnu ta ware na iri tun kafin a ɗaure dami. Ranar da muka fara sussuka a bakin gona, Hajo da Gwaggo na shiƙa, ni ina tara ƙaiƙayi, sai na ga tururuwa ta ja layi daga masussuka zuwa raminta, kowace da ƙwayar dawa a baki. Zuciyata ta yi taushi. Hajo ta ɗauko tsintsiya za ta share su, na tare ta.

Na ce, "Bar su su ɗiba. Ladarsu ce, sun yi mana aiki."

Gwaggo ta sauke ƙwarya ta dube ni. Sai ta fashe da dariya, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, har tana dafa gwiwa tana share hawaye da gefen zane.

Ta ce, "Wayyo Babana! Damina guda kana duƙe kana kallo, har yau ba ka rarrabe ma'aikacinka da ɓarawonka? Waɗanga ko tsutsa guda ba su ɗauka ba, hatsi suka sani. Tashi ka ɗebo toka ka kewaye masussukar, kahin su kwashe muna rabin rumbu."

Na tashi na ɗebo tokar. Shekara goma sha ɗaya na ƙara yi ina noma tare da ita, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta bar tsokanata da wannan magana ba. Allah ya jiƙan Gwaggo Kulu, ya sa Aljanna ce makomarta.